Farantin maganin Hajiya: Abin da na koya game da adana kaya a gida

Yau ina so mu tattauna a kan adana kaya a cikin gida, wato me za a ajiye a ina, kuma a cikin wane irin mazubi. Na san wata za ta ce wannan ai maganar kwalliyar ɗaki ce, me ya kawo ta shafin lafiya? Ni ma da haka na ɗauka, har ranar da gyaran ɗakin da na yi da hannuna ya kwantar da surukata a asibiti. Ki ba ni aron hankalinki 'yar'uwa in ba ki labarin, daga nan sai mu duba abin da za mu tsinta a ciki.

Muna zaune ne a Kubwa, a gidan haya mai ɗaki biyu da falo. Duk wanda ya zauna a Abuja ya san halin gidajenta. Kuɗin hayar shekara ɗaya ya isa ya saya wa mutum fili a wasu garuruwan, amma kicin ɗin idan mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya fito kafin a buɗe firji. Babu sito, babu tsakar gida, balle ɗakin shirgi da za a tura abin da ba a buƙata. Bayan rasuwar mahaifin maigidana, Allah Ya jiƙansa, da Hajiya ta gama takaba sai ya ɗauko ta daga Zariya ta dawo wurinmu. Ta haɗa ɗaki da yaranmu biyu, babban ɗan shekara bakwai, da ƙaramar da ta ci sunanta wadda muke kira Ummi, lokacin tana da shekara biyu.

Hajiya ta daɗe tana fama da hawan jini, likita ya ɗora ta a kan ƙwaya biyu kowace safiya. Tun tana Zariya tana da tsarinta, da shi kuma ta zo. Akwai wani tsohon farantin silba da ta ɗora a bakin taga, daidai inda take shimfiɗa dardumarta. A kansa carbinta yake, da tabarau, da man zafi, da ƙaramin filas na ruwan ɗumi, da katin maganin. Idan ta idar da sallar Asuba ta gama lazimi, tana miƙa hannu za ta ajiye carbi idonta zai sauka a kan maganin, sai ta ɓallo ta sha. Shekara da shekaru ba ta tsallake rana ba, kuma babu mai tuna mata. Zannuwan da take yawan ɗaurawa suna rataye a igiya a kusurwar ɗaki, na zuwa unguwa kuma suna cikin adudu da wani akwatin ƙarfe da ya girme ni.

Ni kuwa Allah Ya yi ni ba na son ganin kaya a waje. Ko cokali na gani a kan tebur sai in ji kamar a kaina yake. Ga shi na saba idan yara sun yi barci in riƙe waya ina kallon bidiyon matan Amurka da na Dubai a Instagram, kicin fari tas, komai a cikin robobi iri ɗaya, kowace an liƙa mata suna. Kullum na shiga gaishe da Hajiya idona yana kan farantin nan da igiyar nan, amma kunya ba ta bari in yi magana. Rannan na shiga na tarar Ummi ta taka filo ta ɗauko katin maganin tana ƙoƙarin ɓare shi da haƙori. Allah Ya taimaka ba ta huda ko ɗaya ba. Na tsorata ƙwarai, kuma in faɗa miki gaskiya, na sami hujjar da na daɗe ina nema.

Da Hajiya ta tafi suna Suleja za ta kwana biyu, sai na wuce Kasuwar Wuse na sayo robobi shida masu murfi, duk ruwan toka, duk girma ɗaya, waɗanda ba a ganin abin da ke cikinsu. Na kwance igiya, na ninke zannuwa, na wanke faranti na kai kicin. Kowace roba na rubuta sunan abin da ke cikinta a takarda na liƙa mata: magani, mayafai, turare, takardu. Robar maganin na ɗora ta can saman sif, inda Ummi ko ta hau kujera ba za ta kai ba.

Da Hajiya ta dawo ta tsaya a bakin ƙofa ta ƙare wa ɗakin kallo, ta ce, "Sannu da aiki 'yar nan, ɗaki kamar na amarya. Allah Ya yi miki albarka."

Na ce, "Amin Hajiya. Maganinku yana cikin waccan ta saman, saboda Ummi."

Ta ce, "To madalla. Ai kishiyar nan tawa ba ta jin magana."

Kwana goma sha ɗaya bayan haka, da yamma, ta ce ƙeyarta tana sara mata, tana jin jiri, kuma tana gani dishi-dishi. Muka garzaya asibiti. Da aka gwada jininta aka ga 190 a kan 110. Likita ya tambaya ko tana shan maganinta, na yi caraf na ce kullum tana sha. Hajiya ta sunkuyar da kai ba ta ce komai ba. Sai da dare, bayan an ba ta gado, ta gaya wa ɗanta gaskiya. Kwana biyun farko ta sha. Rana ta uku ta gama lazimi ta ajiye carbi ta tashi, tunda babu abin da idonta ya gani. Da ta tuna da hantsi ta je gaban sif, robobi duk kama ɗaya, kafaɗarta ba ta miƙewa sama sosai, rubutun da na liƙa kuma na boko ne, ita kuwa karatunta na allo ne da ajami. Da ya ce mata don me ba ta yi magana ba, sai ta ce, "Yarinya ta sha wahala ta gyara wuri, sai in zo ina hargitsa mata? Kuma ni ban ji ciwon komai ba."

Likitan ya yi mana bayanin da ya kamata kowane gida ya sani. Hawan jini yakan daɗe yana ɓarna a jiki mutum bai ji komai ba, shi ya sa masu shi suke ɗauka sun warke su ajiye magani. Barin maganin kuwa yana iya kai mutum ga shanyewar ɓarin jiki, ko ciwon zuciya, ko lalacewar ƙoda. Allah Ya rufa asiri Hajiya kwana biyu ta yi aka sallame mu. Maigida bai yi mini faɗa ba. A mota kawai ya ce, "Na san don alheri kika yi, amma ɗakin nata ne." Maganar nan ta fi faɗa yi mini zafi.

Da na zauna na yi tunani sai na gane farantin da nake wa kallon tarkace shi ne mai tuna wa Hajiya maganinta. Na kuma gane ba iri ɗaya muke haɗa kaya ni da ita ba. Ni ina haɗa su ne bisa jinsinsu, magani da magani, turare da turare. Ita kuwa tana haɗa su bisa lokacin da take amfani da su, duk abin da hannunta zai nema bayan Asuba yana wuri ɗaya. Ba a banza Hausawa suka ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo ba. Tsoron da na ji saboda Ummi gaskiya ne, maganin bai kamata ya zauna inda yarinya za ta kai ba, kuma bakin taga da rana ke duka ba wurin ajiye magani ba ne. Kuskurena shi ne na magance matsalar da tsarin da ya dace da ni, ban tambayi mai amfani da kayan ba.

To 'yar'uwa, kafin ki kashe ko sisi a kan roba ko kanta ko kabad, ki yi wa kowa a gidanki tambaya biyu a zuciyarki. Ta farko, wannan mutumin da ido yake tunawa, ko kuwa sai an rufe komai hankalinsa ke kwanciya? Akwai wanda duk abin da aka sa a durowa aka rufe, a wurinsa ya ɓata. Irinsa ne zai sayo gishiri sau uku alhali akwai a gida, ya bar atamfa ta shekara biyar a ƙasan akwati yana cewa ba shi da ta ɗinkin Sallah. Mai irin wannan hali kanta a buɗe yake buƙata, da maratayi, da robar da ake hango cikinta, da kabad mai gilashi. Akwai kuma irina, wadda ganin kaya a fili ke ɗaga mata hankali. Mu ƙofa da murfi da labule muke so.

Tambaya ta biyu, yana da haƙurin rarraba kaya daki-daki, ko kuwa mai watsawa wuri ɗaya ne? Maigidana rasit ɗin haya da na wuta da na makarantar yara kowanne da fayil ɗinsa, shekara-shekara, ko da dare ka tashe shi zai zaro maka. Amma makullin mota da hula, inda ya tsaya nan zai sauke su. Ni da nake alfahari da tsafta, idan kika buɗe durowata za ki ga abin mamaki, don rufewa kawai na iya, rarrabawa ba ta dame ni ba. Na taɓa sayen wata roba mai gida-gida goma sha biyu don 'yan kunne da sarƙoƙi, ko wata ɗaya ba a yi ba na koma zuba su a kofi ɗaya. Yara kuwa, duk kwandon da sai an buɗe murfi kafin a mayar da kayan wasa, a ƙasa kayan za su kwana. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Hanyar gane halin mutanen gidanki ba ta da wuya. Ki yi mako guda kina shara da wanke-wanke kamar kullum, amma ki lura da inda kaya suke taruwa da kansu. Takalma a bakin ƙofa, jakar makaranta a bayan kujera, makulli a kan talabijin, mayafi a kan ƙofar ɗaki. Duk inda kika ga abu yana yawan sauka, hannun mai shi ya riga ya zaɓa masa wuri, sai ki kai mazubin can maimakon ki yi ta faɗa kullum. Mu yanzu akwai ƙaramar ƙwarya a kan kanta kusa da ƙofar falo don makulli, da maratayi uku a samanta don huluna. Shekara tara ina mita a kan makulli, ƙwaryar da ba ta kai kuɗin katin waya ba ta kashe maganar. Sannan ki ƙirga motsi nawa ake yi kafin a ɗauko abu a mayar. Maganin Hajiya da na gyara sai an buɗe sif, an yi ɗage, an sauko da roba, an buɗe murfi, an nemo kati, sannan a mayar da komai. Abin da ake buƙata kullum bai kamata ya wuce motsi ɗaya ko biyu ba. Saman sif da ƙarƙashin gado na bargon hunturu ne da manyan tukwanen Sallah.

Idan kika duba, iyayenmu da kakanninmu sun riga mu sanin wannan. Jeren da ake yi wa amarya, tun daga zamanin ƙore har zuwa kwanuka da kwalla da tangaran, ado ne kuma ajiya ce, mace tana kwance a gado ta san abin da ta mallaka. Ragaya tana rataye ƙwaryar nono ko fura a sama inda kyanwa da ɓera da yaro ba sa kaiwa, amma ido yana gani. Adudu yana rufe tufafi, iska kuma tana ratsa shi. Rumbu kuwa ɗora shi ake yi a kan duwatsu don kada danshin ƙasa da gara su kai ga hatsi. Kowane mazubi an yi shi ne daidai da abin da zai riƙe da kuma ɓarnar da ake gudu. Mu ne muka koma sayen abu don mun gan shi a waya a gidan wata da ke ƙasar da babu ƙurar hunturu, alhali zanen aro ba ya rufe katara.

Yanayin Abuja ma yana da tasa maganar. Daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu ba ta barin kanta a buɗe ta yini da tsafta. Don haka idan ke mai son gani ce, ki nemi kabad mai ƙofar gilashi ko robobin da ake ganin cikinsu, kin sami gani kin kuma tsira daga ƙura. Daga Afrilu zuwa Oktoba kuma damina ce, a watannin Agusta da Satumba danshi yakan kama bango, takalman fata da jakunkuna su yi fumfuna a cikin sif. Fumfuna tana tayar da asma da atishawa, musamman ga yara. Ki bar tazarar kamar tafin hannu tsakanin sif da bango, ki riƙa buɗe ƙofofinsa idan rana ta fito, kuma kada ki sa tufa a roba ki rufe sai ta bushe ƙarau. Ki sani kuma yawancin kayan ɗakin da ake yayi yanzu da garin katako da aka matse ake yin su. Suna da kyau a ido, amma idan ruwa ya taɓa ƙasansu sai su kumbura, kuma ba sa jure kwancewa da ɗaurawa.

Wannan ya kawo mu ga maganar haya. Yawancinmu a nan ba mu san ko baɗi muna gidan da muke ciki ba, yau Kubwa, gobe Lugbe ko Karu ko Mararaba, gwargwadon yadda mai gidan haya ya tashi da ƙarin kuɗi. Kada ki zuba dukiya a kan kabad ɗin da aka gina a jikin bango wanda ba za ki tafi da shi ba. Ƙananan kantoci biyu ko uku da mutum biyu za su iya ɗauka sun fi ƙaton sif ɗaya da sai an farfasa kafin ya fita ƙofa. Kafin ki je kasuwar kayan ɗaki ta Kugbo, ko ki aiki kafinta Dei-Dei sayen katako, ki ɗauki tef ki auna faɗin wurin da tsawonsa da zurfinsa, har da faɗin ƙofar da kayan za su bi, ki rubuta a takarda. Ki fara ware kayan da za ki ajiye sannan ki sayi mazubi daidai da su. Ni robobin na fara saye, daga baya na dawo ina neman abin da zan zuba. Ki kuma ɗaga kai ki dubi bango da bayan ƙofa, a ƙaramin gida nan ne filin da ya rage, amma ki nemi izinin mai gida kafin ki huda masa bango.

Duk da na ce a bi halin kowa, akwai abubuwan da ba ruwansu da ra'ayi. Na farko magani. Wurinsa sama ne ko cikin abin da ake kullewa, nesa da rana da zafin kicin da danshin banɗaki. Ki duba kwalin, yawanci an rubuta kada zafin wurin ajiya ya wuce digiri 25 ko 30, alhali zafin Abuja a watan Maris yakan haura 35. Ki bar kowace ƙwaya a cikin katinta don a ga sunanta da ranar lalacewarta. Na biyu kananzir da fetur da fiya-fiya da ruwan wanke banɗaki. Kada a taɓa zuba su a gorar lemo ko ta ruwan sha, don yaro mai jin ƙishirwa gorar ya sani. Idan tsautsayi ya sa yaro ya sha kananzir, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara, domin babban haɗarin shi ne kananzir ɗin ya shiga huhu. A wuce da shi asibiti nan take.

Na uku abinci. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na Jihar Borno a 1969, ɓera ne ke yaɗa shi ta fitsari da kashin da yake bari a kan abinci da kwanuka, kuma ya fi tsanani da rani, daga Disamba zuwa Afrilu. Hukumar NCDC ta sha jan kunnen jama'a cewa a riƙa zuba shinkafa da gari da wake da masara a mazubi mai murfin da ke rufuwa gam. Buhu a ƙasa a kusurwar kicin gayyata ce ga ɓera. Ki zuba a bokitin roba mai kauri ko duro mai murfi, ki ɗora a kan ɗan benci. Masara da gyaɗa sai sun bushe sosai kafin a rufe su, domin fumfunar da ke kama su tana fitar da guba mai lahani ga hanta. Wake kuma, don Allah kada a zuba masa maganin ƙwari irin na gona. Saboda ragowar irin wannan magani ne Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya a 2015. Idan kika shanya wake ya bushe, kika cika jarka mai tsafta da shi har baki kika toshe yadda iska ba za ta shiga ba, ƙwarin da kansu za su mutu. Da wannan dabarar buhun PICS mai ruɓi uku, wanda masana a Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro, yake aiki.

Na huɗu kafur ɗin nan fari da muke jefawa a akwati. Kada a sa shi a kayan jariri ko a ɗakin da yake kwana. Akwai jarirai da yawa a ƙasar nan, musamman maza, da ake haifa da ƙarancin wani sinadari a jini da likitoci ke kira G6PD, kuma kafur yana iya farfasa musu ƙwayoyin jini ya jawo shawara mai tsanani. Ga shi yaro mai rarrafe yakan ɗauka alewa ce. Na biyar dogon kabad da durowa. Yara suna jawo durowa su taka kamar tsani, kabad ya rufto musu. A 2016 kamfanin IKEA ya janye durowoyi kusan miliyan 29 a Amurka bayan irin wannan haɗari ya kashe yara. Ki sa kaya masu nauyi a ƙasa, ki sa kafinta ya ɗaure dogon kabad da bango. Na ƙarshe, mu da muke sayen ruwa wurin 'yan garuwa, kowane bokiti da duro ya kasance da murfi. Ruwa kaɗan a bokiti ya isa ya halaka yaro mai tatata idan ya kifa kai ciki, buɗaɗɗen ruwa kuma gidan sauro ne.

Akwai gaskiyar da ba ma son ji, wato wani lokaci kayan ne suka yi wa gidan yawa, ko kanta nawa aka ƙara ba za ta isa ba. Kulolin biki da ba a taɓa zuba abinci a cikinsu ba, atamfofin lefe da suka shekara goma a ninke, kayan jarirai alhali autan yana aji uku. Na cika jaka biyu manya na aika Zariya aka raba wa mabuƙata, sai ga wuri ya samu ba tare da na sayi komai ba. Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba. Kada kuma ki takura kanki sai gidanki ya zama kamar na cikin waya. Marie Kondo, 'yar ƙasar Japan ɗin nan da duniya ta san ta da koyar da gyaran gida, ita da kanta ta bayyana a 2023 cewa tun da ta haifi ɗanta na uku ta sassauta, gidanta ma yakan hargitse.

Bari in ƙarasa miki labarin Hajiya. Bayan ta warware na shiga ɗakinta na durƙusa na ba ta haƙuri. Ta ce, "Haba 'yar nan, ai ba ki yi komai ba." Na ce, "Hajiya, yaya kuke so a yi wurin maganin?" Ta yi shiru jim kaɗan, sannan ta nuna bangon da ke gaban dardumarta ta ce, "Da dai zan riƙa ganinsa daga nan." Muka kira kafinta ya yi mana ɗan ƙaramin kabad mai ƙofar gilashi da sakata, ya kafa shi a bangon da rana ba ta kaiwa. Hajiya ta miƙe tsaye aka auna daidai kafaɗarta, inda hannunta zai kai ba wahala, Ummi kuma ko ta taka filo ba za ta taɓa ba. A cikinsa maganin yake, kuma a jikin ƙusar da ke gefensa take rataye carbi, don haka ba ta ajiye carbi ba tare da ta ga maganin ba. Na ɗauko farantin silba daga kicin na mayar mata da tabarau da filas a kai. Igiyar zannuwa ta koma maratayi huɗu a bayan ƙofa. Robobin toka biyu ta karɓa don mayafai da turare, ita ta rubuta sunayensu da ajami da hannunta. Sauran huɗun suna ɗakina, inda suka dace da mai su.

Duk ranar Juma'a ina duba katin in ƙirga ƙwayoyin da suka rage, mun kuma sayi na'urar gwada jini muna rubuta sakamakon a littafi don likita. Wata takwas ke nan ba ta tsallake rana ba.

Ke ma 'yar'uwa, idan akwai tsoho ko mara lafiya a gidanki, yau ɗin nan ki je ki duba inda maganinsa yake, ki tambaye shi ko yana kaiwa gare shi, ko yana iya karanta abin da aka rubuta. Maigida, kai ma ka leƙa kicin da bayan ƙofa ka ga inda kananzir da maganin sauro suke kwana. Kafin kuma a taɓa kayan wani da sunan gyara, ko da ɗan shekara bakwai ne, a tambaye shi yadda yake nemo su. Allah Ya ƙara wa iyayenmu lafiya, Ya tsare mana zuri'a, Ya sa albarka a gidajenmu. Sai mun haɗu a mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.